An Yi Gudun Gara An Faɗa Gidan Zago: Sharhi Kan Dokokin Hayar Manhaja Daga Iyakar Bagudo

Duk wanda ya san kasuwannin ƙaramar hukumar Bagudo a Jihar Kebbi, daga Ka'oje zuwa Illo, daga Tsamiya zuwa Lolo, ya san ciniki mai yawa a kan bashi yake tafiya. Mai shinkafa zai ba abokin cinikinsa na Segbana ko Malanville a Jamhuriyar Benin buhu talatin, a rubuta a littafi, a biya bayan kasuwa biyu ko uku. Littafin nan shi ne jarin. In ya ɓata, sai abin da mai bashi ya ga dama ya tuna.

Yau ana tallata wa irin wannan ɗan kasuwa manhaja. Ana ce masa: Alhaji, ka bar takarda haka nan, gara na ci, ambaliya na jiƙawa, gobara ba ta sallama. Ka zuba lissafinka a waya, ka riƙa biyan ɗan kuɗi duk wata. Haka ake faɗa wa mai kemis, da mai makarantar kuɗi da ke son fitar da sakamakon ɗalibai, da mai POS, da mai sayar da taki. Kuma maganar ba ƙarya ba ce, ta ɓangaren fasaha manhaja ta fi takarda.

Abin da zan yi sharhi a kai shi ne takardar sharuɗɗan da ake dannawa "na yarda" a ƙarƙashinta, da dokokin da ya kamata su yi mata linzami. Hujjata guda ɗaya ce: dokokinmu sun tsaya gadi a ƙofar shiga, sun bar ƙofar fita babu kowa. Sun damu da yadda aka karɓi yardarka da bayananka. Ba su ce komai ba a kan yadda za ka karɓi littafinka ranar da hulɗa ta ƙare. A bakin iyaka kuwa, inda doka biyu ke kallon juna, giɓin ya fi faɗi.

Me ake nufi da hayar manhaja?

Da can in ka sayi manhaja, faifai ake ba ka, ka zuba a kwamfutarka. Manhaja na ɗakinka, bayananka na ɗakinka. Ko kamfanin ya durƙushe gobe, abinka na aiki. Yanzu tsarin ya juya. Manhajar tana zaune ne a wasu manyan kwamfutoci da ake kira saba, a katafaren ɗakin ajiyar bayanai, wataƙila a Legas, wataƙila a Ailan ko Amurka. Abin da ke cikin wayarka taga ce kawai da kake leƙawa ta ciki. In ka rubuta "buhu 30, bashi", wayar za ta tura saƙon ta eriyar sabis, ya bi igiyoyin ƙarƙashin ƙasa, wani lokaci har da na ƙarƙashin teku, ya isa saba. A can ne ake rubuta shi. Masana na taƙaita sunan tsarin da SaaS. Mu kira shi hayar manhaja, tunda abin da yake kenan. Kamfanin Salesforce da aka kafa a 1999 na cikin waɗanda suka fara yaɗa shi, a 2013 kuma Adobe ya daina fitar da sababbin manhajojinsa na zane a faifai ya koma kuɗin wata.

Akwai abu biyu a ginin wannan tsari da ya kamata ka riƙe, don a kansu sauran maganar take.

Na farko, yawancin kamfanoni ba sa ware wa kowa sabarsa. Rumbun bayanai ɗaya ne, dubban masu haya a ciki, kamar gidan haya mai ɗakuna da yawa, kowane layi na bayani da lambar mai shi. Ko za a bar ka ka shiga ko a'a, alama ɗaya ce a gaban sunanka: ya biya, ko bai biya ba. Rufe maka ƙofa ba ya buƙatar kotu ko ɗan sanda. Sauya wannan alamar ne kawai, ita ma kwamfuta ce ke sauyawa da kanta in wata ya cika.

Na biyu, tattaro layukan da ke ɗauke da lambarka a zuba su a jadawalin da Excel zai buɗe, ƙaramin aiki ne ga duk wanda ya iya rubuta manhaja. Saboda haka in kamfani bai ba ka hanyar sauke littafinka ba, kada a ce maka fasaha ce ta hana. Zaɓi ne, kuma a takardar sharuɗɗa aka yi shi.

Saye ne, haya ce, ko ajiya?

Kasuwarmu ta daɗe da sanin bambancin waɗannan uku. Abin da ka saya naka ne, ka sayar, ka bayar, a gada. Abin da ka ɗauka haya, amfaninsa ne naka zuwa wani lokaci. Abin da ka ba da ajiya kuwa naka ne har gobe, mai ajiya amana kawai yake riƙe da ita. Fataken goro da ke ƙetare Kwara su bi ta Borgu zuwa Gwanja sun yi zamaninsu a kan wannan fahimta. Fatoma yana karɓar ladan masauki da dillanci, amma kayan baƙo ba sa zama nasa.

Su ma kotunan Turai sun yi fama da bambancin. A 2012, a shari'ar UsedSoft da Oracle, babbar kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa wanda ya biya kuɗi aka ba shi lasisin manhaja na har abada, daidai yake da wanda ya saya, yana iya sayarwa ga wani. Hayar manhaja ta kauce wa wannan hukunci tun daga tushe, tunda ba a ba ka kwafin komai ba balle ka sayar.

To, ba laifi ba ne a yi haya. A fiƙihun Malikiyya da mutanenmu suka tashi a kai, ijara halal ce matuƙar an san amfanin, an san lokacin, an san ladan. Matsalar ita ce a hayar manhaja ƙulli biyu ne aka cusa a takarda ɗaya. Manhajar haya ce. Bayanan da ka zuba ajiya ce. Amma an rubuta sharuɗɗan ta yadda in haya ta yanke, ajiya ma ta bi ta. Wato ba tare da ka sani ba, littafinka ya zama jingina a hannun mai gidan haya.

Ka ɗauki maganar gado. Sharuɗɗa da yawa na cewa asusu na mutum ɗaya ne, ba a miƙa shi ga wani. Yau a ce mai shago ya rasu. Kafin a raba gado dole a san bashin da ake bin sa da wanda yake bi. Lissafin na cikin asusun da ke ɗaure da layin wayarsa, kuɗin wata ya daina shiga, agogon gogewa ya fara bugawa. Magada su kama wa?

Sharuɗɗa huɗu da suka fi cizo

Fannina kimiyya ne, don haka zan karanta takardar yadda muke karanta sakamakon gwaji: me aka auna, a ina aka auna, wa ya riƙe ma'aunin?

*Alƙawarin aiki.* Za ka ga an rubuta cewa manhajar za ta yi aiki kashi 99.9 cikin 100 na lokaci. Mu buga lissafi. Shekara na da awa 8,760. Kashi 0.1 na wannan ya kai kusan awa 9. In kuma kashi 99 aka ce, ragowar kashi 1 ɗin awa 87.6 ne, wato fiye da kwana uku da rabi. Ga mai ciniki kullum, wannan ba komai ba ne. Ga wanda kasuwarsa ke ci sau ɗaya a mako, in awa 9 ɗin suka faɗo a ranar kasuwa, makon ya tafi. Sannan a bakin saba ake auna wannan adadi, ba a wayarka da ke Lolo ba. Ranar 14 ga Maris 2024, igiyoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma. Najeriya da Benin duk sun ji a jikinsu. Sabar da ke Turai lafiyarta ƙalau a ranar, saboda haka a takarda ba a karya alƙawari ba. Ko an karya ma, diyyar da aka saba rubutawa ita ce a rage maka wani abu daga kuɗin wata mai zuwa.

*Iyakar diyya.* Sharaɗin da aka fi yawan gani shi ne, duk asarar da ta same ka, kamfani ba zai biya fiye da abin da ka biya shi a watanni 12 da suka wuce ba. A ce kana biyan naira 5,000 a wata. Iyakar abin da za ka samu naira 60,000 kenan, ko da littafin da ya salwanta na ɗauke da bashin miliyoyi. Kamfani ya auna haɗarin da kuɗin hayarsa, alhali ajiyar da ke hannunsa ta ninka hayar sau ɗari.

*Sauya farashi da sharuɗɗa.* "Muna iya sauya waɗannan sharuɗɗa a kowane lokaci, ci gaba da amfani na nufin ka yarda." Wannan shi ne cinikin biri a sama. Kuma ko kamfani bai taɓa farashi ba, in da dala aka yanka shi, canji zai taɓa maka. Kafin Yunin 2023 dala na wajen naira 460 a farashin hukuma. Zuwa Fabrairun 2024 ta kai wajen naira 1,500. Hayar dala 10 ta tashi daga naira 4,600 zuwa naira 15,000 ba tare da an sauya harafi ɗaya a takarda ba, ga harajin VAT na kashi 7.5 a kai. Maƙwabcinka na Malanville bai ga irin wannan ba, don sefa a ɗaure take da yuro, sefa 655.957 a yuro ɗaya. Manhaja ɗaya, kasuwa ɗaya, nauyi daban.

*Yankewa.* Nan ne zuciyar maganar. Kamfani na iya dakatar da asusu in ba a biya ba, ko in yana zargin an saɓa ƙa'ida, ko in ya daina sana'ar gaba ɗaya. A Oktoban 2019 Adobe ya sanar da masu amfani da shi a Benezuwela cewa zai rufe asusunsu saboda takunkumin gwamnatin Amurka, ya ba su zuwa 28 ga watan su kwashe kayansu. Daga baya ya samu izini ya janye, amma darasin ya fito: rigimar da ba ka san tushenta ba na iya rufe maka shago. A gida Najeriya, a 2024 jaridun fasaha sun ruwaito yadda ƙananan 'yan kasuwa masu amfani da Kippa, manhajar rubuta lissafi da bashi, suka wayi gari ba sa iya shiga su ga bayanansu. Irin littafin da muke magana a kai kenan.

Dokar Najeriya: inda ta kai da inda ta tsaya

A yi adalci, ba a zauna haka nan ba. Akwai dokoki biyu masu haƙora.

Ta farko ita ce dokar gasa da kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC. Ma'anar mai saye a cikinta ta haɗa da wanda aka yi wa hidima. Sashe na 127 ya hana sharuɗɗan zalunci da waɗanda suka karkata ɓangare ɗaya fiye da kima. Sashe na 128 ya ce sharaɗin da ke rage alhakin kamfani dole a jawo hankalin mai saye gare shi. Sashe na 114 ya ce a yi bayani da harshe mai sauƙi, irin wanda talakan mai saye daga cikin mutanen da aka nufa da kayan zai gane. Ka tsaya a nan ka yi tunani. In da Hausa aka yi wa mutum talla, aka karɓi kuɗinsa da Hausa, sannan aka ɗaure shi da shafi ashirin na Turancin lauyoyi, an cika sharaɗin sashe na 114? A ganina ba a cika ba. Hukumar kuma ta nuna tana iya cizo: a Yulin 2024 ta ci tarar Meta dala miliyan 220, kotun sauraron ƙorafin gasa ta tabbatar a Afrilun 2025.

Ta biyu ita ce dokar kare bayanan mutane da aka sa wa hannu ranar 12 ga Yuni 2023, wadda ta kafa hukumar NDPC ƙarƙashin Dakta Vincent Olatunji. Ta wajabta rubutacciyar yarjejeniya tsakanin mai bayanai da wanda ke sarrafa masa su. Ta ce in an yi kutse mai haɗari a sanar da hukuma cikin awa 72. Ta sa sharuɗɗa kan fitar da bayanai waje a sashe na 41 zuwa 43. A Yulin 2025 hukumar ta ci tarar MultiChoice sama da naira miliyan 766, kuma fitar da bayanan 'yan Najeriya waje ba bisa ƙa'ida ba na cikin dalilan.

To ina giɓin? Dokar 2023 mutum take karewa, ba littafi ba. Haƙƙin ɗaukar bayanai a koma wani wuri da ke sashe na 38, na mutumin da bayanan suka shafa ne, a kan bayanan da suka shafe shi. Adadin buhunan da ke sito, farashin sari, ribar wata, waɗannan ba bayanan wani mutum ba ne. Sunaye da lambobin masu bashi kuwa bayanan mutane ne, amma nasu ne su, ba na mai shago ba. A idon dokar, mai shago ya tashi daga wanda ake karewa ya koma wanda ake tuhuma: shi ne mai tattara bayanan jama'a, tarar da ke kansa in ya yi sakaci tana iya kai naira miliyan 2, ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsa na shekara in wannan ya fi yawa. An ɗora masa nauyin tsare ajiyar da mabuɗinta ke hannun wani.

Ita kuma dokar 2018 ta yi magana a dunƙule. Ta ce kada a yi zalunci, ba ta ce kwana nawa za a ba mutum ya kwashe bayanansa ba, ko a wane tsari, ko me zai faru in kamfani ya mutu. Sai ka kai ƙara, a yi shekaru, kafin a gane ko sharaɗin zalunci ne. Mai bin bashin buhu talatin ba shi da wannan lokacin.

Akwai ma wani ƙulli. A ce ka kai mai bashi babbar kotu. Sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya ce kafin a karɓi abin da kwamfuta ta fitar, sai an nuna cewa na'urar na aiki daidai a lokacin, kuma Kotun Ƙoli ta jaddada haka a shari'ar Kubor da Dickson. Kai da ba ka taɓa ganin sabar ba, wa zai tsaya maka a kan lafiyarta in kamfanin ya rufe?

In aka ƙetare iyaka

Layin da ya raba Bagudo da Benin ya samo asali ne daga yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898, wadda ta bar Illo a ɓangaren Ingila. Mutanen ɓangarorin biyu suna jin yaren juna, suna auratayya, suna cin kasuwa ɗaya. Amma sun gaji tsarin shari'a daban. Najeriya na bin salon Ingila, inda hukuncin manyan kotuna ke zama doka. Benin na bin salon Faransa, kuma tana cikin OHADA, ƙungiyar ƙasashe 17 masu dokar kasuwanci iri ɗaya, da babbar kotunsu a Abijan. Najeriya ba ta ciki. Lokacin da gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, manyan motoci sun tsaya, bayanai ba su tsaya ba ko na minti ɗaya. Kwastan na duba buhu, babu mai duba layin da aka rubuta a kan buhun.

Mu juya mu kalli abin ta idon mai sayarwa. A ce matashi a Birnin Kebbi ya rubuta manhajar lissafi, ya samu masu haya a Tsamiya, sai abokan cinikinsu na Segbana da Kandi suka ce su ma suna so. Daga ranar ya shiga hurumin wata doka. Benin na da kundin dokar fasahar zamani, doka mai lamba 2017-20 ta 20 ga Afrilu 2018, da babi guda a kan cinikin intanet, wani a kan bayanan mutane, da hukumarta mai suna APDP. Harajin VAT a can kashi 18 ne. Haƙƙin mallakar rubutun manhajarsa zai bi shi ya ƙetare, don dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta lissafa manhaja cikin rubutattun ayyuka, kuma ƙasashen biyu na cikin yarjejeniyar Berne. Amma sunan kasuwancinsa ba zai bi shi ba. Rijistar Abuja ba ta aiki a Benin, sai ya je ta hannun OAPI da ke Yawunde.

ECOWAS ta yi ƙoƙarin ɗinke wannan tun 2010, da dokar haɗin gwiwa kan kare bayanan mutane, wadda ta tsaurara sharaɗi kan kai bayanai ƙasar da ba ta cikin ƙungiyar. Sai dai ka lura da abin mamaki. Bayanan mutumin Segbana da ɗan Tsamiya ya rubuta, ba iyakar Tsamiya suke ƙetarewa ba, teku suke ƙetarewa zuwa inda sabar take. Kuma tun daga 29 ga Janairu 2025 da ficewar Nijar ta tabbata, abokin ciniki na Gaya, nan kusa, ya zama ɗan ƙasar da ba ta cikin ƙungiya.

A nan ne nake da ƙorafi a kan matasanmu masu rubuta manhaja. Da yawa sukan kwafo sharuɗɗan wani kamfanin Amurka su sauya suna kawai. Sai ka ga takardar da ke tsakanin ɗan Kebbi da ɗan Alibori tana cewa dokar Kalifoniya ce za ta yi hukunci. Kayan aro ba ya rufe katara. Irin wannan takarda ba ta kare mai haya ba, shi ma mai manhajar ba ta kare shi ba, don ba zai iya zuwa can ya kai ƙara ba. Ko ya rubuta kotun Birnin Kebbi, hukuncinta ba ya aiki kai tsaye a Kandi sai an sake bin wata hanya a kotun can. Hukuncin masu sasanci ya fi sauƙin ƙetarewa, tunda Najeriya da Benin duk sun shiga yarjejeniyar New York ta 1958, kuma Najeriya ta sabunta dokarta ta sasanci a 2023.

Hujjar ɗaya ɓangaren

Masu kamfani za su ce: in aka ce mu biya duk asarar da ta samu kowa, wa zai yi sana'ar? Hayar naira 5,000 ba za ta ɗauki inshorar miliyoyi ba. Ajiye bayanan wanda ya daina biya ma kuɗi ne. Kuma in aka cika ƙa'idoji, manyan kamfanonin waje ne za su iya bi, ƙananan na gida su mutu.

Na yarda da rabin wannan. Iyakar diyya na da ma'ana, ban ce a cire ta ba. Amma hujjar tsada ba ta shafi ƙofar fita ba. Littafin bashin shago na shekara goma, in rubutu ne zalla, da wuya ya kai nauyin ɗan gajeren bidiyo ɗaya da muke turawa a WhatsApp. Riƙe shi na wata biyu ko uku ba zai karya kowa ba. Kuma ƙa'idar fita ƙananan kamfanoni take taimako, don mutum ba zai ji tsoron gwada sabon kamfani ba in ya san zai iya tashi da kayansa. Tarayyar Turai ta riga ta bi wannan hanya. Dokarta ta bayanai da ta fara aiki ranar 12 ga Satumba 2025 ta ce sanarwar barin kamfani ba za ta wuce wata biyu ba, a ba da aƙalla kwana 30 na kwashe bayanai, kuma daga 12 ga Janairu 2027 babu cajin sauya sheƙa. Dokar ta shafi bayanan kasuwanci, ba na mutane kaɗai ba. Ba sai mun kwafo ta ba, amma ta nuna abin mai yiwuwa ne.

Me ya kamata a yi?

Ga hukumomi, FCCPC na da ikon fitar da ƙa'idoji a ƙarƙashin dokar da take da ita, ba sai an jira majalisa ba. Abu huɗu sun isa a fara da su: maɓallin sauke bayanai a kowane lokaci, a tsarin da wata manhaja za ta iya buɗewa; wa'adin da mai haya zai iya gani da saukewa bayan an yanke shi, ko da ba zai iya ƙara rubutu ba; sanarwa kafin sauya farashi ko rufe kamfani; da hanyar da magada za su karɓi lissafi in sun kawo shaidar kotu. NDPC da APDP kuma su zauna su fitar da takardar yarjejeniya ɗaya mai sauƙi, da Turanci da Faransanci da Hausa, don ƙananan masu ciniki a iyaka.

Ga mai rubuta manhaja, ka raba ƙullin biyu a takardarka. Ka rubuta ƙarara cewa manhaja taka ce, bayanai na mai haya ne, kuma ƙarewar haya ba ta taɓa ajiya. Ka yanka farashi da naira ko sefa. Ka sa sulhu a gaban shugabannin kasuwa ya zama matakin farko, sasanci na biyu, a garin da ku duka za ku iya zuwa. Ka naɗi muhimman sharuɗɗan da murya cikin Hausa, minti biyu sun isa. A kasuwar da amana ce jari, wannan talla ce da ta fi kowace.

Ga mai haya, ko ɗan kasuwa ne, ko mai makaranta, ko mu masu bincike a jami'o'in Birnin Kebbi da Aliero da ke zuba bayanan tambayoyinmu a irin waɗannan manhajoji, kafin ka biya ko kwabo ka yi gwaji ɗaya. Ka zuba layi goma, ka nemi sauke su, ka buɗe a wata manhajar. In sun buɗu, ka mai da saukewar al'ada duk ƙarshen mako, ka ajiye kwafi a wurin da kai ke riƙe da mabuɗi. In babu hanyar saukewa, ka tambayi mai tallar dalili. In ya fara kame-kame, ka riƙe littafinka na takarda tukuna, ka sa shi a leda saboda damina, ka ɗora a kan kanta saboda gara.